Wahalar numfashi daban, gazawarsa daban, tsayawarsa kuma daban

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ƙara wa yaron lafiya. Kin ce an kwantar da ɗanki mai wata 14 da namoniya, da daddare likita ya ce yana cikin wahalar numfashi, wajen asuba kuma kika ji yana faɗa wa abokin aikinsa cewa numfashin ya fara gazawa, aka sauya masa gado a guje aka kewaye shi, alhali ke a ganinki a lokacin ne ma ya lafa ya daina hakin nan. Shi ne kike tambaya ko duk ba abu ɗaya ba ne, da waɗannan biyun da kuma wanda ake cewa numfashin mutum ya tsaya.

Ni nas ce, kuma mafi yawan shekarun aikina a ɗakin imajansi na yara na yi su a nan Kaduna. Ba abu ɗaya ba ne sam, matakai uku ne a kan hanya ɗaya, kuma wallahi abin da kika gani da asubar nan, wato lafawar da ya yi, shi ne abin da ya fi yaudarar iyaye a duk harkar nan, shi ya sa zan ja amsar da ɗan tsawo, ki yi haƙuri.

Numfashi aiki biyu yake yi. Yana shigar da iskar oksijin cikin jini, yana kuma fitar da gurɓatacciyar iskar da jiki ya gama amfani da ita, wadda ake kira kabon dayoksaid. Toh idan wani abu ya tare hanya, ko majina ta cika huhu kamar a namoniya, ko hanyoyin iska sun tsuke kamar a asma, ko ruwa ya taru a huhu saboda ciwon zuciya, jiki baya sallamawa nan take, ƙara ƙoƙari yake yi. Wannan ƙoƙarin shi ne wahalar numfashi. Ki ɗauki mai turin kurar ruwa yana hawan tudu da jarka goma sha biyu, yana haki yana zufa jijiyoyin wuyansa sun fito, amma dai kurar tana tafiya gaba. Aikin yana yiwuwa, da tsada ne kawai. Idan ƙarfinsa ya ƙare kurar ta fara dawowa baya ko da yana nan riƙe da ita, wannan ita ce gazawa. Idan ya saki ya faɗi, tsayawa kenan.

A matakin farko abubuwan da ake gani a fili suke, ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai gane. Numfashi da sauri, ƙofofin hanci suna buɗewa suna rufewa, ramin ƙasan maƙogwaro yana loɓawa, tsakanin haƙarƙari yana shiga ciki, a yara ƙanana kuma ƙasan ƙirji gaba ɗaya yana faɗawa ciki duk lokacin da suka ja iska. Jariri sai ki ji yana wani ɗan nishi a ƙarshen kowane numfashi, ko kansa yana rausaya gaba da baya, ya kama nono ya saki ya kama ya saki saboda ba zai iya haɗa tsotso da numfashi ba. Babba kuma ba zai yarda ya kwanta ba, zai zauna ya dafa gwiwoyi ya sunkuyo gaba, in kin tambaye shi abu sai ya yanka maganar gida biyu gida uku kafin ya kai ƙarshe. Zuciya na bugawa da sauri, ga zufa, ga tsoro a ido. Amma yana cikin hayyacinsa, ya san ki, yaro yana kuka yana ture hannun nas, kuma in aka maƙala masa oksimita, wato 'yar na'urar da ke auna oksijin na jini, a yatsa tana iya nuna 95 ko 96, wato jinin har yanzu yana samun abin da yake buƙata.

Saurin numfashi yana da ma'auni, ba da ido ake yanke shi ba. Babba lafiyayye yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. A yara Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka bisa shekaru: jaririn da bai kai wata 2 ba, sau 60 ko fiye sauri ne, daga wata 2 zuwa 11 sau 50, daga shekara 1 zuwa 5 kuma sau 40. Kinga ɗanki a rukunin 40 yake. Ki ɗaga masa riga lokacin da yake kwance shiru ba kuka yake ba, ki buɗe agogon wayarki, ki ƙirga tashin cikinsa minti ɗaya cur, kar ki ƙirga rabin minti ki ninka domin numfashin yara baya tafiya daidai, yana sauri ya ɗan dakata ya ci gaba. Wannan ƙirgen kyauta ne kuma ya fi hasashen duk mutanen gida.

Toh yanzu ga inda maganar take. Naman da ke jan numfashi, wato tantanin da ya raba ƙirji da ciki da kuma naman tsakanin haƙarƙari, nama ne kamar na ƙafa da hannu, yana gajiya. Yaro ƙarami ya fi saurin gajiya saboda ƙirjinsa taushi ne, hanyoyin iskarsa ƙanana ne, kuma jikinsa yana cin oksijin fiye da na babba in aka kwatanta da nauyinsa. Yaron da ya kwana yana numfashi sau 60 ko 70 a minti ya yi aikin da ko ƙato ba zai jure ba. Idan ƙarfin ya ƙare, numfashin sai ya fara raguwa, ya zama sama-sama, loɓawar ƙirjin ma ta ragu, kukan ya tsaya, yaron ya yi laushi ya lumshe ido. Uwa ta duba ta ce alhamdulillah ya samu barci. Mu kuma a daidai lokacin ne gabanmu yake faɗuwa.

Ba zan manta wani dare cikin hunturu ba, irin lokacin da hazo ke rufe gari har fitilun titi sai dishi-dishi. An kawo wata yarinya 'yar shekara biyu daga wajen Rigasa, kwana uku tana tari da zazzaɓi, tun magariba take haki. Babanta ya riƙo ta a kafaɗa lulluɓe da zani, yana shigowa ya ce mana ai ma da sauƙi yanzu, a cikin keke ta yi barci, har ya yi tunanin su juya gida su dawo da safe. Na buɗe zanin, kanta ya langaɓe baya, na murza ƙirjinta da ƙarfi da ƙyar ta motsa gira, na jawo leɓenta na ƙasa na ga cikin ya yi toka-toka, oksimita ta nuna saba'in da wani abu. Numfashin da ya gani ya lafa ba sauƙi ba ne, ƙarfinta ne ya ƙare. Allah ya sa ba su juya ba, ta rayu, amma da sun koma gida ban ga yadda za ta kai asuba ba. Kuma ban ga laifin mutumin nan ba ko kaɗan, duk wanda ba a taɓa faɗa masa ba haka zai fassara abin.

Gazawar numfashi ma'anarta huhu ya kasa ɗaya daga cikin ayyukan nan biyu ko duka. Likitoci sun kasa ta gida biyu. Akwai wadda oksijin ne ya yi ƙasa a jini, in aka ɗebi jini daga jijiyar da ke bugawa a wuyan hannu aka auna, ana samun ƙarfin oksijin ɗin ƙasa da 60, wanda a oksimita yake zuwa daidai da wajen kashi 90. Shi ya sa muke ɗaukar ƙasa da 90 a matsayin layin da dole a sa oksijin. Namoniya, ruwa a huhu, da korona da aka yi fama da ita a 2020 duk nan suka fi faɗawa. Akwai kuma wadda gurɓatacciyar iskar ce ta taru saboda mutum baya iya fitar da ita, ta haura 50 a wannan gwajin, jini ya fara tsami. Wannan ta fi zuwa ga wanda ya gaji, ko mai asma da ta yi tsanani, ko tsohon da huhunsa ya lalace da taba ko hayaƙin itace, ko wanda ƙwaya ta danne masa ƙwaƙwalwa. Ita wannan iskar in ta taru bacci take sawa, kamar an yi wa mutum allurar barci, shi ya sa za ki ga ciwon kai, ruɗewa, sambatu, sai gyangyaɗi, sai a kasa tashinsa. Irin wannan oksijin kaɗai baya isarsa, ana iya sa masa oksijin lamba ta hau 97 kowa ya saki jiki alhali yana ci gaba da nutsewa, abin da yake buƙata shi ne a taya shi jan numfashin da fitar da shi, da na'ura ko da jakar ambu, wato jakar robar da ake matsawa da hannu tana tura iska cikin huhu.

Gaskiya gwajin jinin nan ba kowane asibiti ke da shi ba a wajenmu, sai manyan wurare, don haka yawanci da ido da kunne da oksimita muke gane gazawar. Babbar alamar da nake koya wa ɗalibai ita ce hayyaci. Mai wahalar numfashi yana faɗa da ke, mai gazawa ya daina faɗa. Yaron da aka soka masa allura bai yi kuka ba, wannan ba haƙuri ba ne. Mai asma da ƙirjinsa ke ta fito kamar kukan mage, sai aka ɗora abin sauraro aka ji tsit alhali yana nan yana fama, ba buɗewa hanyar ta yi ba, iskar ce ta daina wucewa har ta yi ƙara. A yara in bugun zuciya ya fara raguwa bayan ya daɗe yana gudu, saura ƙiris kenan.

Maganar canjin launi kuma sai an yi hattara da ita, domin littattafan da muka karanta suna cewa mutum zai koma shuɗi, mu kuma fatarmu baƙa ce ba za ki gani a fuska ba. Cikin leɓe ake dubawa, da harshe da dasashi. Sannan yaron da jininsa ya ƙone da maleriya ko mai sikila yana iya kaiwa bakin mutuwa bai canza zuwa shuɗi ba, fari fat kawai zai yi, saboda babu isasshen jinin da zai nuna launin. Masu sikila ma ina roƙonku, ciwon ƙirji da zazzaɓi da haki in suka haɗu, ba irin ciwon ƙashin da kuka saba jinya a gida ba ne, asibiti ne a daren.

Ita kanta oksimitar da mutane suka saya da yawa lokacin korona tana da amfani sosai amma ba a miƙa mata wuya gaba ɗaya. Hannu mai sanyi, jan farce, motsi, duk suna rikita ta. Wani bincike da aka yi a jami'ar Mishigan ta Amurka aka wallafa a ƙarshen 2020 ya nuna cewa a baƙar fata ta fi ɓoye ƙarancin oksijin, kusan ninki uku in aka kwatanta da farar fata, wato ta nuna lamba mai kyau alhali jinin ya fi haka ƙasa. Mafi haɗari kuma shi ne hayaƙin janareta da gawayi. Iskar da ke fita daga cikinsu tana manne wa jini fiye da oksijin sama da sau 200, na'urar kuma bata iya bambance su, sai ta nuna 98 ko 99 mutum yana mutuwa. Kuma wannan gubar bata sa haki irin na namoniya, ciwon kai ne da jiri da amai sai barci. Dan Allah lokacin sanyi a daina shiga ɗaki da kaskon wuta a rufe ƙofa da taga, janareta kuma ko a baranda ko a soro kusa da taga bai dace ba, a fitar da shi fili.

Wannan ya kawo ni kan wani abu da nake so ki riƙe: ba kowa ke bin matakan nan ɗaya bayan ɗaya ba. Wani baya ratsawa ta wahalar ko kaɗan. Wanda ya sha kodin ko tiramadol ko ya haɗa su da ƙwayoyin barci, wurin da ke ba da umarnin numfashi a ƙwaƙwalwa ne ƙwayar take dannewa, babu haki babu zufa, numfashin ne kawai zai yi ta raguwa, takwas a minti, biyar, uku, yana munshari, abokai su ce a bar shi ya yi barci ta sake shi. Gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun 2018 amma duk wanda ke aiki a asibiti ya san abin bai ƙare ba. Akwai allurar da ke karya irin wannan, nalokson, tana tashin mutum cikin mintuna, sai dai ƙarfinta na iya ƙarewa kafin na ƙwayar, don haka ko ya farka ba a tafiya da shi gida. Cikin masu tsallake matakan nan akwai kuma wanda ya sha fiya-fiya, yawu da majina su cika masa hanya naman numfashi ya saki. Haka yaron da gyaɗa ko murfin biro ya maƙale masa, daga wasa zuwa tsayawar numfashi mintuna ne. Haka mashaƙo da ta yi ƙamari a 2023, ta fi tsanani a Kano amma mu ma nan jihar ta taɓa mu, wani farin tantani ne ke rufe maƙogwaro.

Tsayawar numfashi kuma sunanta ya faɗi komai, ƙirji baya tashi, babu iska a hanci, mutum baya amsawa. Bambancinta da tsayawar zuciya shi ne a farkon lamarin zuciya tana nan tana bugawa, tana zagaya ɗan oksijin da ya rage. Wannan taga ce 'yar ƙarama, ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan kamar minti 4 zuwa 6 babu oksijin, zuciyar ma ba za ta daɗe ba za ta bi. A manya sau da yawa zuciya ce ke fara tsayawa, amma a yara akasari numfashi ne ke fara tsayawa sannan zuciya ta biyo, shi ya sa hura wa yaro iska da wuri yake dawo da shi tas. Akwai kuma wani kakari da mutum ke yi a wannan hali, ya wage baki ya ja iska sau ɗaya kamar kifin da aka fitar daga ruwa, a daɗe, ya sake. Wannan ba numfashi ba ne, kar a tsaya kallonsa ana cewa ai yana numfashi.

Abin da ke ci min rai shi ne yawancin waɗanda numfashinsu ya tsaya a gida, abin da ake fara yi musu shi ne yayyafa ruwa, ɗura ruwa ko madara ko manja a baki, cusa cokali, jijjigawa, wasu ma a ja zani a rufe a fara salati. Addu'a kam a yi ta, da baki ake yi, hannu kuma yana aiki. Wanda baya cikin hayyacinsa ba a zuba masa komai a baki, huhu yake tafiya. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a dafa goshi a ɗaga haɓa sama domin harshe ya tashi daga hanya, wani lokacin wannan kaɗai sai ki ji ya ja numfashi. A duba ƙirji kamar daƙiƙa 10. In baya tashi, a toshe hanci a hura a baki har ƙirji ya ɗaga, jariri kuma a haɗa bakinsa da hancinsa a hura kaɗan iya cikin kumatu, kansa a miƙe ba a tanƙwara shi baya sosai ba. Iskar da muke shaƙa kashi 21 ce oksijin, wadda muke fitarwa tana da wajen kashi 16, ta isa ta riƙe rai. Mu a asibiti in mun tabbatar zuciya na bugawa, babba muna ba shi numfashi ɗaya duk daƙiƙa 6, yaro duk daƙiƙa 2 zuwa 3. Amma wanda ba ma'aikacin lafiya ba kar ya ɓata lokaci neman bugun jijiya, cikin ruɗani ko mu yana mana wuya. In baya amsawa kuma baya numfashi yadda ya kamata, a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi da sauri sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa, dannawar tana tafiya kamar 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya nemo mota ko ya kira lambar agajin gaggawa 112. In dole ta sa aka ɗauke shi a mota, a ci gaba a hanya, kar a zaunar da shi tsakanin mutum biyu kansa a sunkuye.

Ni dai a ra'ayina duk wannan na ƙarshen bai kamata a kai gare shi ba a ciwo irin namoniya ko asma, domin jiki yana ba da awanni, wani lokaci kwanaki, yana nuna yana wahala. A matakin farko maganin mai sauƙi ne, oksijin ta hanci, maganin kashe ƙwayoyin cuta, inhela ko nebulaiza, wato na'urar da ke mayar da magani tururi a shaƙa, ga mai asma, a bar mutum ya zauna yadda ya fi jin daɗi, yaro a bar shi a jikin uwarsa. Da an shiga gazawa kuma maganar ta koma ta na'urar taya numfashi da ɗakin kulawa ta musamman, gadajen nan kuwa ƙalilan ne, ko a manyan asibitoci irin Barau Dikko ko 44 ko Shika ba kullum ake samun gurbi ba, ga kuɗi. Kwana biyun da ake yi ana zagaye tsakanin kemis da maganin tari da turare da shafa man zafi, su ne kwanakin da abin yake da arha.

Game da ɗanki, abin da likitan ya gani da asubar nan shi ne ya tashi daga mataki na ɗaya ya taka na biyu, gudun da kika ga sun yi kuma don kar ya kai na uku ne, kuma tunda kin ce yanzu yana shan nono yana wasa an cire masa oksijin, alhamdulillah sun tare shi a kan lokaci. In an sallame ku ki ƙarasa masa maganin har ƙarshe ko ya warware, ki nisanta shi da hayaƙin girki da na maganin sauro da turaren wuta na ɗan lokaci, ki duba katinsa ki tabbatar ya samu alluran sati 6 da 10 da 14, domin a cikinsu akwai na namoniya da na mashaƙo, da kuma ta ƙyanda ta wata 9. Tarin zai iya ɗaukar sati biyu ko fiye yana raguwa a hankali, wannan ba komai. Amma in kin ƙirga kin samu 40 ko fiye yana kwance shiru, ko ƙasan ƙirjinsa ya koma faɗawa ciki, ko ya ƙi nono, ko barcinsa ya yi nauyin da kin taɓa shi kin kira sunansa bai buɗe ido ya dube ki ba, ki saɓa shi ku koma ko ƙarfe biyun dare ne, kar ki jira gari ya waye.